Jirgin dala tiriliyan 2 da katan 11 na madarar Kawuna

1/ Akwai jirgin yaƙin Amurka da ake kira F-35. An ƙiyasta zai ci sama da dala tiriliyan 2 daga farkonsa zuwa ranar da za a yi masa ritaya, kuma manhaja na cikin manyan abubuwan da suka wahalar da shi. Ni kuma na kusa sa a kori yaron shagon Kawuna saboda katan 11 na madara. Zare ne mai tsayi, ku yi haƙuri 🧵

2/ Ni ɗalibin kwamfuta ne, ina ajin ƙarshe. Malaminmu na darasin injiniyancin manhaja ya taɓa ba mu aiki: kowa ya zaɓi wani babban aikin manhaja da ya wuce lokacinsa ya wuce kuɗinsa, ya rubuta dalili. Na zaɓi F-35 don kawai sunan ya burge ni, na ga zai yi kyau a bangon takarda.

3/ Amma kafin jirgi, bari in fara da Kawu. Ƙanen mahaifiyata ne, yana da shagon sari a kasuwa: sukari, taliya, madara, man girki. Tun da Baba ya rasu shi yake biya min rajistar makaranta, bai taɓa bari na roƙa sau biyu ba. Duk lissafinsa a manyan littattafai uku yake: na kaya, na ciniki, na bashi.

4/ A hutun ƙarshen 2023 ina zaune a shagon, na ga yana neman sunan wani mai bashi kusan minti ashirin yana ta juya shafi. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, wannan wahalar ai an wuce ta. Zan yi maka manhaja ɗaya ta haɗe littattafan nan uku." Ya ce sati nawa? Na ce shida. Nawa? Na ce dubu 150.

5/ Wallahi ban yi lissafin komai ba. Shida ce ta zo bakina, na faɗe ta. Dubu 150 kuma na san ba za ta tsorata shi ba. Washegari ya turo min rabi, yana tsokanata da "Injiniya". To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku riƙe wannan, za mu dawo. Yanzu mu leƙa Amurka.

6/ A shekarun 1990 jiragen yaƙin Amurka sun fara tsufa: F-16, A-10, F/A-18 da Harrier. Kowace runduna tana son sabo. Sai aka kawo shawarar da a takarda take da daɗin ji: me zai hana a ƙera jirgi ɗaya, a ɗan sauya shi kaɗan don kowace runduna, kuɗin ƙira da na gyara su ragu?

7/ Haka aka samu iri uku. F-35A na sojan sama, yana tashi a fili kamar kowane jirgi. F-35B na rundunar Marin, yana tashi a gajeren fili ya sauka a tsaye kamar helikwafta. F-35C na sojan ruwa, yana sauka a kan jirgin ruwa mai dakon jirage. Dukkansu kuma su zama masu layar zana, na'urar rada ta sha wuya kafin ta gan su.

8/ Ranar 26 ga Oktoba 2001 kamfanin Lockheed Martin ya kayar da Boeing ya ci kwangilar. Lissafin farko: jirage 2,866 a kan dala biliyan 233. Ƙasashe takwas suka zuba kuɗinsu a matsayin abokan tafiya: Birtaniya, Italiya, Holan, Turkiyya, Kanada, Ostareliya, Norway da Denmark.

9/ Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Zuwa 2004 aka gano F-35B ya yi nauyin da ba zai iya sauka a tsaye yadda ake so ba, sai da aka sake zama aka rage masa sama da tan ɗaya. An yi fatan kashi 70 cikin ɗari ko fiye na sassan jiragen uku su zama iri ɗaya. A 2016 shugaban shirin ya ce abin da aka samu kashi 20 zuwa 25 ne.

10/ Wato kusan jirage uku daban aka ƙera da suna ɗaya. Da na karanta wannan na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, don ni ma a sati na uku na gane littafin kaya, na ciniki da na bashi kowanne da dokokinsa. Mai bashi yana biya gutsi-gutsi, yana dawo da kaya, yana aiko ƙanensa da sunansa. Ban tanadi ko ɗaya ba.

11/ Yanzu maganar manhaja. F-35 kwamfuta ce mai fukafukai. A cikin jirgin kaɗai akwai layukan kod sama da miliyan 8, mafi yawa da yarukan C da C++. In ka haɗa da na ƙasa, na gyara da na tsara aiki, an ƙiyasta kusan miliyan 24. F-22 da ya riga shi bai kai ko rabin na cikin jirgin ba.

12/ Me duk wannan kod ɗin yake yi? Jirgin yana da rada, da kyamarori shida kewaye da jikinsa, da na'urorin sauraron siginar abokan gaba. Manhaja ce take haɗe duk bayanan ta mayar da su hoto ɗaya. Hular kwanon matuƙin, mai kusan dala 400,000, ita ce allonsa. In ya kalli ƙasa yana ganin abin da ke ƙarƙashin jirgin kamar babu ƙarfe tsakani.

13/ Abin burgewa ne, ba musu. Matsalar ita ce komai ya rataya da komai. Ka gyara yadda rada take aiko bayani, sai wani abu ya karkace a hula. Ka gyara hula, sai lissafin makami ya motsa. Duk wanda ya taɓa gyara layi ɗaya da daddare ya wayi gari shafi uku sun daina buɗewa ya san abin da nake nufi.

14/ Sai babban kuskuren. An yarda cewa kwamfuta ta riga ta gwada ƙirar sosai, don haka a fara ƙera jiragen ana sayar wa sojoji alhali gwajin tashi bai yi nisa ba. Jirgin farko ya tashi a Disambar 2006. Gwajin matakin ƙira bai ƙare ba sai Afrilun 2018. Kafin nan an riga an miƙa jirage kusan 300.

15/ Ma'anar haka: duk aibin da gwaji ya gano, sai a koma kan jiragen da aka riga aka biya a kwance a gyara, a sake biya. A 2012 Frank Kendall, wanda ke kula da sayen makamai a ma'aikatar tsaron Amurka a lokacin, ya fito fili ya kira wannan tsari sakaci a aikin saye, irin sakacin da ake tuhumar likita da shi.

16/ Mu dawo kasuwa. Sati na biyar, hutu ya kusa ƙarewa, Kawu yana tambaya kullum. Manhajar tana buɗewa, tana fitar da rasit mai kyau da sunan shago a sama. Ban gwada ta da cinikin gaske ko na kwana ɗaya ba. Na ɗauki laftof na kai shago na ce, "A fara amfani da ita, za mu riƙa gyarawa muna tafiya."

17/ Kawu ya ji daɗi har ya kira maƙwabtansa su gani. Ya ce, "Littattafan fa?" Na ce a ajiye su, aiki biyu ne. Ni da bakina na faɗa. Babban yaron shagonsa, wanda ya shekara tara tare da shi kuma ya girme ni, ya ce, "Injiniya, da dai an bar na kaya ko na wata ɗaya." Na ce masa ya saki jiki.

18/ Na koma makaranta. Kusan kullum sai waya ta shigo: rasit ya fita sau biyu, an ɗauke wuta ana tsakar ciniki, sunan mutum ya ɓace. Amsata ɗaya ce: "Ku kashe ku kunna." In Kawu ya ce yaushe za a gama gaba ɗaya, in ce saura kaɗan. Wata uku cur ina cewa saura kaɗan.

19/ A Amurka ma saura kaɗan ɗin ya daɗe. A 2010 kuɗin ya haura iyakar da wata dokarsu mai suna Nunn-McCurdy ta gindaya, wadda take tilasta a soke shiri ko a tabbatar wa majalisa cewa ba makawa sai da shi. Sakataren tsaro Robert Gates ya cire janar ɗin da ke shugabantar shirin, ya riƙe wa Lockheed dala miliyan 614.

20/ A 2012 aka sake lissafi daga tushe: jirage 2,457 a kan dala biliyan 395.7. Ku duba da kyau. Jiragen sun ragu da sama da 400, kuɗin ya ƙaru da sama da biliyan 160. Rundunar Marin ta ce nata ya fara shiga aiki a 2015, sojan sama a 2016, sojan ruwa sai 2019.

21/ Wanda ya fi ba ni dariya ya faru a 2016. Wani janar na sojan sama ya bayyana cewa akwai tangarɗar manhaja da take sa radar jirgin ta rikice ana cikin tafiya, sai matuƙi ya kashe ta ya sake kunnawa. Kashe ka kunna, a sararin samaniya. Na tura wa abokaina a guruf, muka sha dariya. A lokacin ban ga kaina a ciki ba.

22/ Sai ALIS. Wannan ita ce manhajar ƙasa da take riƙe da tarihin kowane jirgi: wane sashe aka sa masa, yaushe za a canza, wane kayan gyara za a yi oda, ya dace ya tashi yau ko bai dace ba. A taƙaice, littafin kaya ce ta jirgin yaƙi. Nan ne labarin ya fara yi min zafi.

23/ Ofishin GAO, mai binciken yadda ake kashe kuɗin gwamnati a madadin majalisar Amurka, ya ruwaito a 2020 cewa ALIS tana yawan ɗauke da bayanan da ba daidai ba ko waɗanda suka ɓace. Jirgi lafiyarsa ƙalau, manhaja ta ce kada ya tashi. Makanikai suka koma riƙe nasu lissafin a gefe, da hannu.

24/ A Janairun 2020 aka sanar za a maye gurbin ALIS da wata sabuwa mai suna ODIN, bayan shekaru ana zuba mata kuɗi. A wannan shekarar ofishin gwajin makamai na ma'aikatar tsaro ya lissafa aibobi sama da 800 da ba a warware ba a jirgin, manya da ƙanana.

25/ Kuma abin ba a takarda ya tsaya ba. A Oktoban 2022 wani F-35A yana shirin sauka a sansanin Hill da ke jihar Utah, ya shiga guguwar iskar da jirgin gabansa ya bari. Na'urar auna iska ta rikice, kwamfutar tuƙi ta daina bin umarnin matuƙi yadda ya kamata. Ya yi tsalle da lema ya tsira. Jirgin dala miliyan 166 ya tarwatse.

26/ Binciken ya ce tazarar da aka bari tsakanin jiragen biyu ma ta yi kaɗan. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yanayi ne da manhajar ba ta iya da shi ba. Duk manhaja tana da irin wannan lungun, wanda marubucinta bai taɓa kawowa a ransa ba. Nawa lungun ya bayyana a azumin 2024.

27/ Kun san yadda cinikin sukari da madara yake a azumi. Goma ta tsakiya Kawu ya sa a ƙirga kayan sito. Manhaja ta ce akwai katan kaza na madara, aka ƙirga aka ga babu 11. Kuɗin ciniki ya yi daidai da rasit. To ina katan 11? Mutum ɗaya ne yake riƙe da makullin sito.

28/ Kawu bai kira shi ɓarawo ba. Cewa ya yi ya ajiye makulli ya je gida ya huta, za a neme shi. A kasuwa kowa ya san ma'anar wannan hutun. Mutumin yana da mata da jaririya. Kawu ya kira ni ya ce, "Injiniya, na'urarka ta yi amfani. Shekara tara ina tare da mutum ashe ban san shi ba."

29/ Gabana ya faɗi, amma na ce, "Allah ya kyauta, Kawu." A daren nan bayan tarawihi na buɗe kod. Ban fi minti arba'in ba na gani. Gurbin da ke rage kaya daga sito cikakkiyar lamba kaɗai yake karɓa. In an sayar da rabin katan, kuɗi yana fita daidai a rasit, amma 0.5 sai ya koma sifili. Sito bai san an taɓa shi ba.

30/ Ni da na zauna a shagon nan tun ina firamare, na manta ana sayar da rabin katan. A azumi kuwa ƙananan 'yan tireda rabi-rabi suke saye. Gyaran bai wuce layi biyu ba. Na gyara a daren. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya: na yi shiru. Kwana huɗu.

31/ Ina ta ba kaina dalili. Wataƙila ba duka 11 ɗin ne daga kod ba. Wataƙila Kawu ya huce da kansa. Rajistar zango mai zuwa ta kusa. In na faɗa, maƙwabtan da aka kira su ga manhaja za su ji. A cikin kwanakin nan ne nake rubuta aikin F-35, ina karanta labarin ALIS, ina kawo wa malam dalilan da suka sa manya ba sa faɗin gaskiya da wuri.

32/ Rana ta biyar na hau mota na je shago. Ko a nan ma ban miƙe hanya ba. Na fara da, "Kawu, ka san ita manhaja haka take, ko Amurka ma akwai jirginsu na biliyoyin dala da..." Ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Kai yaro, bar Amurka. Yaron nan ya ɗauki madarata ko bai ɗauka ba?" Na ce bai ɗauka ba.

33/ Ya ce, "Yaushe ka sani?" Nan ne na ji azumin ya kama ni. Na ce tun ranar Lahadi. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki makullin sito ya miƙo min, ya ce, "Ka san gidansu. Kai za ka kai masa, kuma kai za ka faɗa masa da bakinka."

34/ Na je. Ya saurare ni har na gama, sannan ya shiga ɗaki ya fito da ƙaramin littafi mai shafi arba'in irin na 'yan firamare. Tun ranar da na ce a ajiye littattafai yake rubuta duk katan ɗin da aka fasa. Muka ƙirga tare a zaure: rabin katan na madara sau 22. Sha ɗaya cif.

35/ Na ce me ya hana ka nuna wa Kawu? Ya ce, "Injiniya, ni da littafin naira ɗari biyu, kai da kwamfuta da jami'a. Wa za a yarda da shi?" Ya karɓi makullin, ya ce ya yafe. Amma ya ce in zo in tsaya a bakin shago ranar da zai dawo, don waɗanda suka ga fitarsa su ji dalili. Na je na tsaya.

36/ Mu koma jirgi, don labarinsa bai ƙare ba. Ana son ƙara masa sababbin makamai da na'urori, aikin da ake kira Block 4. A 2018 an ce zai ci dala biliyan 10.6. Zuwa 2023 GAO ta ce ya kai biliyan 16.5, kuma lokacin gamawa ya matsa gaba da shekaru.

37/ Kafin Block 4 ya yiwu sai an canza ƙwaƙwalwar jirgin: sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, ƙarin ma'ajiyar bayanai, sabon allo. Sunan aikin TR-3. Aka fara ƙera jirage da sababbin kayan, manhajar da za ta tafiyar da su kuwa ba ta daidaita ba. Kuskuren 2007 ya sake dawowa da sabuwar riga.

38/ Wannan karon ma'aikatar tsaro ta ce ba ta karɓa. Daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024 aka daina karɓar sababbin jiragen. Kamfani yana ta ƙerawa a Fort Worth da ke Texas, ana jera su a ajiye, har suka kai wajen ɗari. Sababbi fil, suna jiran kod. Wato lokacin da nake cewa Kawu saura kaɗan, su ma suna fake.

39/ Da aka dawo karɓa a Yulin 2024, da manhajar wucin gadi aka karɓe su, wadda ta isa horo amma ba ta isa shiga yaƙi ba, kuma gwamnati ta riƙe kusan dala miliyan 5 a kan kowane jirgi har sai an cika aiki. Izinin ƙera jirgin gadan-gadan kuwa sai Maris 2024 aka ba da shi, bayan an riga an ƙera kusan dubu.

40/ Tiriliyan 2 ɗin fa? Sayen jiragen ƙaramin kaso ne. GAO ta ce a 2024 kuɗin riƙe su kaɗai, mai da gyara da kayan safaya da ma'aikata har zuwa 2088, ya tashi daga tiriliyan 1.1 a lissafin 2018 zuwa kusan tiriliyan 1.6. A Maris 2023 kuma kashi 55 cikin ɗari na lokaci kawai jiragen suke a shirye su yi aiki.

41/ Don ku ji nauyin lambar: kasafin Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2024 naira tiriliyan 28.7 ne. In ka lissafa dala a naira 1,500, bai kai dala biliyan 20 ba. Dala tiriliyan 2 kenan kamar kasafinmu na wannan shekarar sau ɗari.

42/ Za ku ce me ya hana a soke shi tun 2010? Tsofaffin jiragen suna ƙarewa, babu wani a layi. Ƙawaye sun riga sun zuba kuɗi. Masu yin sassan jirgin suna warwatse a sama da jihohi 40 cikin 50, don haka 'yan majalisa da yawa suna da ma'aikata a mazaɓunsu. Tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

43/ Ga wani ƙulli kuma. Tun farko gwamnatin ba ta sayi cikakken haƙƙin bayanan ƙira da na manhaja ba, suna hannun kamfani. A 2023 Frank Kendall ɗin nan, lokacin yana sakataren sojan sama, ya ce wannan ya ba ɗan kwangila damar riƙe shirin shi kaɗai har abada, kuma ba za su maimaita haka a jirgi na gaba ba.

44/ Kawu bai taɓa jin sunan Kendall ba, amma ya faɗi irin maganar. Bayan sallah ya ce, "Yanzu ko na ce na fasa, bashin mutane na wata huɗu yana cikin abin nan, kuma kai kaɗai ka san hanyar cikinsa. Ka ga ka ɗaure ni." Bai faɗa da fushi ba. Ni dai ban iya ɗaga kai ba.

45/ Adalci kuma: F-35 yana tashi, yana yaƙi. An miƙa sama da dubu. Isra'ila ta ce ta yi amfani da shi a fagen daga tun 2018. Japan, Koriya ta Kudu, Finland, Jamus da wasu sun yi oda, kuma matuƙa da yawa suna yabonsa. Tawa manhajar ma yau tana aiki. Wannan bai goge abin da aka biya a hanya ba, da wanda ya biya.

46/ Lissafina na ƙarshe: sati shida ya zama wata bakwai. Dubu 150 ta zama dubu 410, da firinta, da batir saboda ɗauke wuta, da data, da abokin da na ɗauko ya taya ni. Shi ma sati biyu na yi ina masa bayanin kod kafin ya rubuta layi ɗaya. Fred Brooks na IBM ya yi gargaɗi a kan ƙara mutane a aikin da ya makara tun 1975. Mun yi shi a aji, na ci jarrabawar.

47/ Na ce wa Kawu ya cire rarar daga kuɗin rajistata. Ya ƙi. Ya ce rajista tsakaninsa da 'yar'uwarsa ce, ba ruwanta da kwangila. Amma ya sa sharaɗi uku: littattafai su dawo tare da manhaja har wata uku, duk Juma'a a buga bashin kowa a takarda, kuma in rubuta yadda komai yake aiki don wani ya iya gyarawa ko ba na nan.

48/ Ya kuma ce duk sabon abin da zan ƙara, sai babban yaron shago ya gwada shi sati guda ya ce ya yarda kafin ya shiga. Mutumin da na ce ya saki jiki shi ne yanzu mai sa min hannu. Ya riga ya kama min kurakurai shida. Ɗaya a kan kayan da aka dawo da su bayan an canza farashi ne, abin da ko a mafarki ban hango ba.

49/ A takardar da na miƙa wa malam na rubuta cewa manhaja mai layi miliyan 8 dole ta zo da kurakurai, kuma babu mai iya faɗin ranar gamawa daidai tun daga farko. Har yanzu na yarda da haka. Abin da ake da zaɓi a kai shi ne kada a ɗora rayuwar mutane a kanta kafin a gwada, kuma ranar da ka gano aibi, a ranar za ka faɗa.

50/ 'Yan'uwa masu koyon kod, na san da yawanmu muna karɓar ƙananan ayyuka: shago, kemis, makarantar unguwa. In an ce sati nawa, ku ce bari in je in lissafa. Kada ku ce a ajiye littafi. Ku tambayi wanda yake tsaye a kan aikin kullum, shi ya san rabin katan.

51/ Jaririyar nan yanzu tana tafiya. Duk sanda na je shago babanta yana gaishe ni da fara'a, yana ce min Injiniya kamar da. Ƙaramin littafinsa kuma har yau yana aljihun gaban rigarsa, ina ganin kansa ya leƙo. Ban taɓa ce masa ya daina ba.